Ruwa Ba Ya Hawan Tudu Sai An Ɗaga Shi

Kowane yaro da ya taɓa yin wasa a bakin kwata da damina ya san halin ruwa: gangare yake bi. Idan ka zuba shi a tsakar gida ba sai ka nuna masa hanya ba, shi da kansa zai nemi wurin da ya fi kwari ya tafi can. A kan wannan hali aka gina dukan magudanai na duniya, tun daga rariyar da ke gindin katangar gidanmu har zuwa manyan bututan da ke ƙarƙashin biranen Turai.

Amma akwai gidaje masu ɗimbin yawa a Amurka da Kanada da Jamus inda uwargida take wanki a ɗakin da ke ƙasa da hanyar fitar ruwa. Bututun da ke kwashe ƙazantar gida yana wucewa daidai ƙirjinta, ko ma ta bisa kanta, bahon wankinta kuwa yana ƙasa. To, ina ruwan wankin zai bi? Wannan ita ce tambayar da za mu duba a wannan wata. Amsarta tana da amfani ga 'ya'yanmu da 'yan'uwanmu da suke zaune a waɗannan ƙasashe. Tana kuma da darasi ga duk maigidan da aka ɗaga titin ƙofar gidansa har kwata ta fi tsakar gidansa tudu.

Me ya sa ake gina ɗaki a cikin ƙasa?

Sanyi ne ya kawo wannan irin gini. A arewacin Amurka da Kanada, idan hunturu ya yi tsanani ƙasa kanta takan daskare. Ruwa kuwa idan ya zama ƙanƙara yakan kumbura, girmansa ya ƙaru da wajen kashi 9 cikin 100. Ƙasa mai laima da ta daskare takan taso da ƙarfi, har ta ɗaga harsashin gini ta tsaga bango. Domin wannan, dokar gini a can ta ce dole a haƙa harsashi ya wuce iyakar inda sanyi yake kaiwa. A yankin birnin Shikago wannan zurfi ƙafa 3 da rabi ne. A wuraren da suka fi sanyi ya fi haka.

Tun da ba makawa sai an yi haƙa mai zurfi, magina suka ga gara su ƙara 'yan ƙafafu, su kwashe ƙasar tsakiya gaba ɗaya, su sami babban ɗaki mai faɗin gidan duka. Tsayinsa daga daɓe zuwa rufi yakan kai ƙafa 7 ko 8. A nan ake ajiye tukunyar ɗumama gida, da tankin ruwan zafi, da kayan da ba a bukata kullum. A nan kuma ake wanki. Akan kafa baho mai zurfi a jikin bango, yana tsaye a kan ƙafafu, da famfo a samansa da rami a gindinsa. A cikinsa ake jiƙa tufafi, a wanke tsumman goge daɓe da takalman da suka sha taɓo. Sau da yawa injin wanki ma a cikinsa yake juye ruwansa.

Inda wahalar take

Kowane gida yana da babban bututu guda, galibi mai faɗin inci 4, wanda yake tattara ruwan masai da na wanka da na wanke-wanke ya kai shi babbar magudanar gari da ke ƙarƙashin titi, ko kuwa tankin ƙazanta da aka binne a harabar gidan. Idan magudanar titi tana da zurfi ƙwarai, bututun yakan bi ta ƙarƙashin daɓen ɗakin ƙasa, shi ke nan ba damuwa. Idan kuwa ba ta da zurfi, dole bututun ya huda bangon ɗakin ya fita a sama, ƙafa 3 ko 4 daga daɓe, wani lokaci ma kusa da rufi. Ramin gindin baho kuwa bai cika wuce ƙafa 2 daga daɓe ba.

Ko da bahon ya zo daidai da bututun, bai isa ba tukuna. Ruwan datti yana bukatar gangare domin ya tafi da dattinsa. Ƙa'idar masu aikin famfo ita ce ƙaramin bututu ya sauka rubu'in inci a kowace ƙafa, wato santimita 2 a kowace mita. Bari mu yi lissafi kamar a aji. Idan tsakanin baho da babban bututu mita 6 ne, sai mafitar bahon ta fi wurin haɗawa tudu da santimita 12. Idan aka rage gangaren, ruwa zai kwanta a ciki, sabulu da zare da yashi su taru, bututu ya toshe.

Saboda haka aikin fari shi ne awo. Magina suna da dabara mai sauƙi. Sukan sami dogon tiyo siriri wanda ake ganin cikinsa, su cika shi da ruwa, mutum ɗaya ya riƙe wannan baki a jikin baho, wani ya riƙe wancan a jikin bututu. Kullum ruwan bakunan biyu a layi ɗaya yake tsayawa, daga wannan layi sai a auna a san wanda ya fi tudu da ko nawa ne. Idan bambancin 'yan inci ne kawai, akan gina dandamali a ɗora bahon a kai, ko a matso da shi kusa da bututun. Wannan ita ce hanya mafi araha da kwanciyar rai, gama gangare ba ya lalacewa, ba ya kuma shan wuta. Amma idan bambancin ƙafafu ne, babu dandamalin da zai yi magani.

Garin da aka ɗaga

Mutanen Shikago sun taɓa gamuwa da wannan wahala, amma tasu ta gari ce ɗungum. An gina birnin a kan shimfiɗaɗɗiyar fadama a bakin Tabkin Mishigan, ƙasar kuwa kaɗan ta fi ruwan tabkin tudu. Ruwan datti ba shi da inda zai gangara, sai ya kwanta a tituna. A 1854 annobar kwalara ta kashe mutum fiye da 1,000 a garin. A 1855 aka ɗauki wani injiniya mai suna Ellis Chesbrough ya tsara magudanai. Ya ga idan aka binne bututai da zurfi ba za su sami gangare ba. Sai aka shimfiɗa su a sama-sama aka yi ta jibga ƙasa a kansu, har tituna suka tashi ƙafafu da dama.

Da tituna suka tashi, sai gidaje suka zama a rami. Masu hali suka sa aka ɗaga gine-ginensu da jak mai murɗawa, ɗan'uwan wanda ake ɗaga mota da shi. A 1860 an ɗaga wani jerin kantuna da ofisoshi na bulo da dutse, mai tsawon ƙafa 320, a titin Lake. Mutum 600 suka yi aikin da jak 6,000, kowa yana murɗa nasa kaɗan kaɗan a lokaci guda, har ginin ya tashi ƙafa 4 da inci 8, ana kuwa ta ciniki a ciki ba a rufe ba. Waɗanda ba su da kuɗin ɗaga gida suka bar nasu a inda yake. Ɗakunansu na ƙasa suka koma ƙasa da titi, suka buɗe sabuwar ƙofa a bene. Har yau ana ganin irin waɗannan gidaje a tsofaffin unguwannin garin.

Hanya biyu ce ke nan: ko a ɗaga wurin da ruwan yake fitowa, ko a ɗaga ruwan kansa. Mutanen Landan ta biyun suka bi. Bayan mugun warin da kogin Tems ya yi a 1858, injiniya Joseph Bazalgette ya gina manyan magudanai, ya kuma kafa tashoshin injuna kamar ta Abbey Mills, wadda aka buɗe a 1868, domin su ɗaga ƙazantar unguwannin kwari su zuba ta cikin magudanar da ta fi tudu. Manomin lambu mai ban ruwa da jigo ya san wannan aiki sarai. Ruwa yana ƙasa a rafi, fangali yana sama. Sai ya ɗebo da guga ya ɗaga ya juye a bakin lambatu, daga nan gangare ya karɓi aikin. Abin da ake yi a ƙarƙashin bahon wanki ke nan, sai dai lantarki ne yake jan jigon.

Tanki da inji

Akan ajiye ƙaramin tankin roba mai murfi a kan daɓe, a ƙarƙashin bahon. Yawancinsu suna cin galan 5 ko 6, wato kusan jarka guda ta mai ga-ruwa. Ruwan baho yana gangarowa cikinsa. A cikin tankin akwai injin tura ruwa mai rubu'i ko sulusin ƙarfin doki, da ƙwallo mai yawo a bisa ruwa, irin wanda ke cikin tankin masai na zamani. Idan ruwa ya taru ƙwallon ya taso, sai ya taɓa makunni, inji ya tashi ya tura ruwan sama ta bututu mai faɗin inci 1 da rabi. Da ruwa ya ragu ƙwallo ya sauka, sai inji ya mutu. Uwargida ba ta taɓa kome, wankinta kawai take yi.

Kafin a sayi inji sai a auna tsayin da zai ɗaga ruwan. Gwargwadon ƙaruwar tsayi, gwargwadon raguwar ruwan da inji yake iya turawa a minti guda. Tsawon bututu da yawan gwiwoyinsa su ma suna ƙara masa nauyi. Kamfani yakan buga jadawalin wannan a takardar da ke zuwa tare da injin, wajibi ne a karanta shi. Injin wanki na tsohon yayi yakan sha fiye da lita 100 a wanki guda, yana kuwa juye ruwansa cikin 'yan mintoci. Idan injin tanki bai iya kwashewa da saurin da ake zubowa ba, baho zai cika ya malala a daɓe.

Tanki da inji kaɗai ba su gama aikin ba. Akwai wasu ƙananan abubuwa huɗu waɗanda idan aka bar ko ɗaya, aiki ya ɓaci.

Na fari, lanƙwasa. Tsakanin ramin baho da tanki akan sa guntun bututu mai lanƙwasa kamar baƙin U. Kullum ruwa yana kwance a gindinsa, zurfin inci 2 zuwa 4, ya toshe hanyar iska. Magudana tana da wata iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai wadda take sa ciwon kai, idan ta yi yawa ma takan yi kisa. Tana kuma da wata marar wari mai kama wuta. Wannan ɗan ruwa shi ne ƙyauren da ya hana su shiga gida. Wani mai gyaran agogo daga ƙasar Sikotilan, Alexander Cumming, ya yi rajistar irin wannan dabara a Landan tun a 1775, har yau ba a sami abin da ya maye gurbinta ba.

Na biyu, bawul mai hana ruwa komowa. Mai keke ya san bawul ɗin tayarsa, yana barin iska ta shiga amma ba ya barinta ta fita. Wannan ma haka yake, ruwa ya wuce sama amma kada ya dawo. Ga dalili. Bututu mai inci 1 da rabi yana riƙe lita guda da 'yan kai a kowace mita. Idan tsayinsa mita 2 da rabi ne, wajen lita 3 suna tsaye a cikinsa sa'ad da inji ya mutu. In babu bawul, duka za su komo cikin tanki, inji ya riƙa ɗaga ruwa ɗaya sau biyu, ya yi ta tashi yana mutuwa har ya gaji kafin lokacinsa. Abin da ya fi wannan muni, ranar da babban bututu ya toshe, ƙazantar masai ta gidan duka za ta iya biyo wannan hanya ta sauko cikin bahon da ake wanke kayan yara. A saman bawul ɗin akan ƙara makulli na hannu, domin ranar gyara a rufe shi kada ruwan da ke tsaye ya zubo wa mai gyara a ka.

Na uku, mashaƙar iska. Tankin a rufe yake ruf. Sa'ad da ruwa yake shiga, dole iskar ciki ta sami mafita. Sa'ad da inji yake kwashewa, dole wata iskar ta shigo. Duk wanda ya taɓa kifa jarka domin ya juye ta da sauri ya ga yadda ruwan yake fitowa yana sarƙewa, saboda iska da ruwa suna kokawa a baki ɗaya. Domin wannan akan ja bututu daga murfin tanki a haɗa shi da bututun iska na gidan, wanda ya fita ta rufi. In ba a yi haka ba, baho zai riƙa shan ruwa da ƙyar, inji kuma ya tsotse ruwan lanƙwasa, wari ya sami hanya. Akwai wani ɗan bawul na iska da ake sayarwa, mai barin iska ta shiga amma ba ta fita. Yana da araha, amma bai dace da wannan tanki ba, gama tankin yana bukatar numfashi ciki da waje.

Na huɗu, wurin haɗawa. Bututun inji sai ya hau har ya wuce babban bututu, sa'an nan ya sunkuyo ya shiga ta samansa, ta mahaɗi mai siffar baƙin Y wanda ya fuskanci inda ruwa yake tafiya. Idan aka shiga ta gefe ko ta ƙasa, duk sa'ad da wani ya kora ruwan masai a bene, wani kaso zai faɗa cikin bututun inji. Mutumin da ya huda babban bututu ya cusa tiyo ya liƙe da tsumma ko roba, ya kira wa iyalinsa cuta da hannunsa.

Sai maganar wuta. Ruwa da lantarki ba su ga maciji da juna, ɗakin ƙasa kuwa wurin laima ne. Dokar lantarki ta Amurka ta wajabta a sa a irin waɗannan wurare soket mai na'urar da take yanke wuta nan take idan ta ji wutar tana zurarewa. A yawancin garuruwa kuma sai an karɓi izini kafin a taɓa babban bututu, bayan an gama ma'aikacin hukuma ya zo ya duba, kamar yadda duba-gari suke shiga gidaje a da. Wannan dubawa ba cin fuska ba ce. Kuskuren gida guda yakan shafi maƙwabta.

Rami biyu, kada a haɗa su

A ɗakunan ƙasa da yawa akwai wani rami a kusurwa mai nasa injin. Aikinsa shi ne ya tara ruwan da yake tsattsafowa daga ƙasa kewaye da harsashi, ya watsa shi waje. Mutum yakan ga wannan rami ya ce, ai ga sauƙi ya zo, bari in ja tiyo daga baho in saka a ciki. A yawancin wurare doka ta hana wannan, da dalili kuwa. Ruwan wanki yana ɗauke da sabulu da maiƙo da dattin tsumman jarirai. Ramin ba a yi shi domin ya riƙe wari ba. Ruwansa kuma farfajiya yake fita, ko magudanar ruwan sama wadda take zarcewa rafi ba tare da an tace ba. Bayan wannan, zaren tufafi zai shaƙe injin da gidan yake dogara da shi ranar da ruwa ya yi yawa.

In kuwa ana so a ƙara masai a ɗakin, ƙaramin tanki ba zai ɗauka ba. Hanyar da aka saba ita ce a fasa daɓe a binne babban tanki mai murfi da aka liƙe, a sa inji mai ƙarfi wanda yake iya tura ƙazanta mai kauri ta bututu mai inci 2. Wannan aikin gwanin famfo ne. Amma ƙa'idodin nan huɗu ba su sāke ba.

Bututun sama alheri ne

Maigida yakan yi gunaguni ya ce, da bututun nan a ƙasa yake da na huta da sayen inji. Bai san abin da aka tsare masa ba. A Shikago da tsofaffin birane da yawa, ruwan sama da ƙazanta magudana ɗaya suke bi. Idan aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya, magudana takan cika ta batse. Ka tuna da tiyon magina: ruwa yana neman ya daidaita a kowane baki. Idan ya cika har bakin titi, zai taso ta kowane rami da ke ƙasa da titi, wato ta ramin daɓe da baho da masai na ɗakin ƙasa. A ranar 8 ga Yuli 2013 an auna ruwan sama milimita 126 a filin jirgin saman Toronto a Kanada. Gidaje dubbai suka sami ruwa a ɗakunansu na ƙasa, a da yawa daga cikinsu ta magudana ya komo, haɗe da ƙazanta.

Gidan da bututunsa yake fita ta sama yakan tsira daga wannan, gama babu hanyar da ta haɗa daɓensa da magudana sai ta bututun inji. Shi ya sa a yankin Shikago mutane suke biyan kuɗi mai yawa a toshe tsohon bututunsu na ƙasa, a yi sabo ta sama da gangan, a sa inji ya riƙa ɗaga ruwan ɗakin ƙasa. A Jamus ƙa'idar gini ta ce duk mazubar ruwa da ke ƙasa da tsayin titi sai an kāre ta daga komowar ruwa, bututun inji kuma ya hau ya wuce tsayin titi kafin ya sauko ya shiga magudana. Hikimar a fili take. Bawul abin hannu ne, guntun zare zai iya hana shi rufewa. Amma ruwan titi ba zai hau ya wuce tsayin kansa ba, ko da wuta ko babu.

Yadda ake kula da shi

Babban abokin gaban wannan inji shi ne zaren tufafi da gashi. Sai a sa raga a ramin baho, a ɗaura 'yar jakar raga a bakin tiyon injin wanki, a riƙa sāke ta idan ta cika. Kada a zuba fenti, ko ruwan siminti, ko baƙin mai, ko kitse, ko yashi. Abin da bai narke a ruwa ba zai kwanta a gindin tanki ya kama ƙwallon.

Sau biyu a shekara a zare wutar, a buɗe murfi, a kwashe dagwalo, a wanke ƙwallon, a mayar da murfi ya zauna daidai. Sa'an nan a zuba bokitin ruwa a saurara: inji ya tashi, ya kwashe, ya mutu, kada a ji ruwa yana komowa. Idan aka ji yana gurnani amma ruwa bai ragu ba, a zare shi nan da nan kafin ya ƙone. Idan an ɗauke wuta a daina zuba ruwa a bahon, gama tanki mai cin jarka guda ba ya jimawa bai cika ba. Akwai 'yar ƙararrawa mai batir wadda take kuka idan ruwa ya wuce iyaka, tana da amfani ƙwarai. A kuma gargaɗi yara kada su taɓa murfin ko wayar.

Ɗalibanmu da ma'aikatanmu da suke can sukan kama hayar irin waɗannan ɗakuna saboda sun fi araha. Ɗan'uwa, kafin ka biya kuɗi ka tambayi mai gida: ruwan ɗakin nan ta ina yake fita? Akwai inji? Yaushe aka duba shi? Ruwa ya taɓa shigowa? Ka dubi gindin bango ko akwai shatar ruwa, ka kuma shinshina. Tambaya ba ta cin kuɗi.

Mu fa a nan gida?

Gidajenmu ba su da ɗakin ƙasa, gama ƙasarmu ba ta daskarewa. Amma a garuruwanmu, sa'ad da aka sāke titi akan ƙara ciko, a gina sabuwar kwata ta siminti a sama. Tsohon gida sai ya wayi gari a kwari, kamar gidajen Shikago da ba a ɗaga ba. Rariyar da take fitar da ruwa ta koma tana shigo da shi. Ruwan wanki da na wanka ya kwanta a bayan ɗaki, sauro ya hayayyafa, yara su yi ta wasa a ciki, ginin ƙasa kuma ya jiƙa daga gindi har ya zube da damina.

Maganin ma hanya biyun nan ce, a bi su bi da bi. Da fari a auna da tiyo a san bambancin tsakar gida da bakin kwata. Idan kaɗan ne, a cike wurin wanki da wurin wanka a ɗaga su, a ja bututu mai gangaren santimita 2 a kowace mita. Idan ya yi yawa, a haƙa ramin tsotse ruwa a cika shi da duwatsu a rufe, nesa da gindin bango, nesa kuma da rijiya da aƙalla mita 30. Sai dai a sani, ƙasa mai yumɓu ko wadda ruwanta yake kusa ba ta shan ruwa sosai. Tsohuwar rariya da ta koma ƙasa da kwata a toshe ta da siminti, amma sai bayan an sama wa ruwan saman da ke sauka a tsakar gida wata hanya. Inji shi ne zaɓi na ƙarshe, gama ranar da aka fi bukatarsa, wato ranar hadari, ita ce ranar da aka fi ɗauke wuta.

Wanda kuwa yake shirin sabon gini, tun ran gini ran zane. Ya ɗaga daɓensa ya fi titi tudu sosai, domin titi yakan tashi kowane 'yan shekaru, gida kuwa yana nan inda aka kafa shi. 'Yan tifofin ƙasa da zai ƙara yau sun fi masa sauƙi da kuɗin magani da gyaran bango nan gaba.

Maigida, kafin damina ta kama, ka ɗebi bokitin ruwa ka zuba a wurin wankin gidanka, ka kira yara ku bi shi da ido har inda zai tsaya. Idan ya fita, madalla. Idan ya kwanta, ko ya juyo wajen ɗaki, ka san aikin da ke gabanka.